Marfin Kwalba da Wayar Jan Ƙarfe: Sassaƙen da Ya Dace da Garuruwanmu

Wanda ya tsaya daga nesa a gaban ɗaya daga cikin manyan ayyukan El Anatsui, abin da zai fara gani wani makeken mayafi ne rataye a bango, yana sheƙi da ruwan zinare da ja da baƙi, ya tattare nan ya saki can kamar babbar rigar da mai ita ya saɓa hannayenta a kafaɗa. Sai ya matso kusa sannan zai gane babu zare ko ɗaya a jikinsa. Marafan kwalabe ne na alminiyam, dubbai a kan dubbai, an farke kowanne an daddaƙe shi ya yi falan-falan, an huda gefunansa, an ɗinke shi da ɗan'uwansa da 'yar siririyar wayar jan ƙarfe. Wani an bar shi a miƙe, wani an murɗe shi kamar fure, wani kuma zoben wuyan kwalbar kaɗai aka ɗauka aka sarƙa da wasu har ya zama raga. In ka ƙura ido za ka iya karanta sunan kamfanin da ya yi marfin, ka ga tabon da guduma ta bari. Babu fuskar mutum a ciki, babu doki, babu tsuntsu. Ra'ayina shi ne irin wannan aiki, wato sassaƙe da ƙirar da ba sa kwaikwayon siffar wani mai rai, waɗanda ake haɗawa da tarkacen masana'antu, fasaha ce cikakkiya, kuma a duk nau'o'in fasahar zamani babu wadda ta dace da garuruwan Hausawa kamarta. Mun daɗe muna kallonta a matsayin shirmen Turawa alhali kayan aikinta da idon ganinta duk suna gidanmu.

An haifi El Anatsui a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta na ƙasar Ghana. Ya yi karatun fasaha a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya zo Nijeriya a 1975 ya kama koyarwa a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya shafe sama da shekara talatin a can. Kafin marfin kwalba ya yi aiki da farantan katako irin waɗanda 'yan kasuwa ke kasa kaya a kai, ya yi aiki da yumɓu, ya yi shekaru yana tsaga katako da zarton inji yana babbaka shi da wuta. A ƙarshen shekarun 1990 ne ya tsinci buhun marafan kwalabe da aka yar, ya ajiye shi a wurin aikinsa na tsawon lokaci kafin ya gano abin da zai yi da shi. Ayyuka biyu na farko da suka fito daga nan, Man's Cloth da Woman's Cloth, suna Gidan Tarihin Birtaniya a Landan. A 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini da irin wannan mayafi a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice, a 2015 bikin ya ba shi lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa, a 2017 ya karɓi lambar Praemium Imperiale ta Japan. A watan Oktoban 2023 aka rataye aikinsa Behind the Red Moon a babban zauren Tate Modern, wanda a da tashar wutar lantarki ce.

Lambobin yabo ba hujja ba ne, kuma mai shakka yana da haƙƙin ya ce: to, ai shara ce, an dai jera ta. Amsar farko tana cikin wahalar aikin. Marfi ɗaya sai an yanke, an buɗe, an daddale, an huda sau huɗu ko fiye, an ɗaure. Ana haɗa su ƙananan faifai, a shimfiɗa faifan a ƙasa, mai aikin ya yi ta kewayawa yana ɗage wannan yana matso da wancan, yana duba inda ja zai ci karo da azurfa da inda ido ke bukatar hutu, har sai tsarin ya zauna. Wannan shi ne abin da masaƙi ke yi da zare, shi ne abin da mai ɗinkin hula ke yi da allura. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Sabon ƙarfe daga kanti ba shi da labari, amma marfin da aka tsinto ya bi ta hannun mai kamfani da direba da mai shago da mai saye, kuma a bayansa akwai tarihi mai ɗaci. Barasa tana cikin manyan hajojin da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musaya da bayi. Bayin nan su aka kai gonakin rake a tsibiran Karibiyan, daga raken aka yi sukari da wata barasar, aka sake loda ta a jirgi. Shi ya sa kashin farko na aikin da ya rataye a Tate ya yi kama da ƙyallen da iska ke tura jirgin ruwa da shi, ja wur, a cikin gidan da ke ɗauke da sunan attajirin sukari Henry Tate. Mai tarihi zai bukaci babi guda ya faɗi wannan. El Anatsui kuwa ya bar kayan aikin da kansu su ba da shaida.

Ƙorafi na biyu shi ne wanda aka fi ji, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki idan ya fito daga bakin Bahaushe: me wannan abu yake nufi, tunda bai yi kama da komai ba? Tambayar tana ɗauka cewa ƙimar zane tana cikin kamarsa da wani abu, kuma wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Ɗauki babbar riga mai aska takwas. Dogayen tsinin nan da suka sauko daga wuya zuwa aljihu, da tambarin da ke kewaye a ƙirji da bayan wuya, da gidan zuma da aka cike tsakani da shi, wa ya taɓa tsayar da maɗinki ya ce ya fassara masa su kafin ya biya? Ana ɗaga rigar a hasken rana, a duba ko aikin ya cika, ko layin ya miƙe, ko zaren ya kwanta, a ce wannan hannun gwani ne ko a ce wannan aikin gaggawa ne. Haka dagi, wanda igiyarsa ke shiga tana fita ba a ganin farkonta. Haka zanen da ke jikin ginshiƙai da bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, da fuskokin gidajen unguwar Birni a Damagaram, da zanen ƙwarya da faifai da tabarma, da zayyanar da alaramma ke ƙawata allon sauka da ita. Duk waɗannan layi ne da launi da maimaici da daidaito, kuma jama'a suna da ma'aunin da suke rarrabe mai kyau da maras kyau a cikinsu ba tare da sun shiga aji ba. Tsohuwar da ke iya zaɓen faifai ɗaya cikin ashirin a kasuwa ta riga ta mallaki idon da ake kallon aikin El Anatsui da shi. Abin da ya rage kawai shi ne a gaya mata cewa wannan ma nata ne, ta daina jin sai mai digiri zai gane.

Daga nan maganar ta kai mu ga addini, kuma bai kamata a kewaye ta ba. Dalilin da ya sa sassaƙa ba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa kamar yadda ta yi a Ife ko Benin ba sananne ne: Musulunci ya yi gargaɗi mai tsanani a kan sassaƙa siffar abu mai rai, kuma mafi yawan malamai sun haramta mutum-mutumi. Wannan ya sa iyaye da yawa ke jin faɗuwar gaba idan ɗansu ya ce zai karanci sassaƙa a jami'a, domin abin da kalmar ke kawo musu a zuci shi ne gunki. Amma a ruwayar da Bukhari da Muslim suka kawo, mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yana cewa da zanen siffofi yake ci, bayan an gargaɗe shi an nuna masa mafita, wato ya yi itatuwa da abubuwan da ba su da rai. A kan wannan mafita aka gina fasahar da duniya ke zuwa kallo a Alhambra da Isfahan da Fas. Fatawa ta malamai ce, su ya kamata a tambaya a kan kowane aiki da ya zo da shubuha. Abin da nake nunawa kawai shi ne sassaƙen da ba ya kwaikwayon mai rai ya kauce wa ainihin abin da ake gudu. Yaron Kano ko Maraɗi da Allah ya ba basirar hannu ba lallai ne ya zaɓi tsakanin imaninsa da baiwarsa ba.

Wani zai ce to ai marafan kwalaben giya ne. Gaskiya ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da taɓa su ba yana da uzuri, ko da yake aikin tona asirin cinikin yake yi, ba tallarsa ba. Amma hanyar ba ta tsaya a kan marfin kwalba ba. Shi kansa El Anatsui ya yi aiki da marafan gwangwanin madarar Peak, ya tara su tsibi-tsibi masu sheƙi, ya gina bango da tsofaffin magogan rogo da tsatsa ta ci, ya yi amfani da farantan buga jarida da kwanon rufi da madubi. Olu Amoda a Legas yana walda ƙusoshi da cokula. Kowane gari yana da irin sharar da ke ba da labarinsa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na uku, kuma ba zan yi kamar na rushe shi gaba ɗaya ba. Ana cewa wannan salo na Turawa ne, su suka ƙirƙiro shi, su suke sayensa, su suke cewa wane gwani ne. A tarihin da ake koyarwa a makarantun fasaha akwai gaskiya a ciki. Picasso ya haɗa garayar Turawa da kwali a 1912, ya sake yin ta da fallen ƙarfe a 1914. Julio González ya koyi walda a masana'antar motoci ta Renault ya shigo da ita cikin sassaƙa. David Smith na Amurka ma a masana'antar mota ya fara riƙe wutar walda, John Chamberlain kuma ya shahara da murƙushe jikin tsofaffin motoci. Sai dai Picasso ɗin nan bai kai ga karya siffa ba sai da ya ga sassaƙen Afirka a wani gidan tarihi na Paris a 1907. Mayar da tarkacen inji abin amfani kuwa babu wanda ya koya mana shi. Maƙeran da suka mai da gwangwani fitilar aci-balbal, suka mai da ƙafar mota kurfoti, suka narka gwangwanin lemo suka zuba tukunya, suka yanka taya suka fitar da takalmi da guga, ba su jira wata makaranta ba. Inda ƙorafin ya yi gaskiya shi ne kasuwa. Ayyukan El Anatsui sun wuce dala miliyan ɗaya a gwanjo, kuma mafi yawan manyansu suna Landan da New York da sauran biranen waje, inda ɗan tsintar marafan ba zai taɓa samun bizar zuwa ya gani ba. Wannan abin takaici ne na gaske. Amma laifin yana kan rashin gidajen baje koli da rashin masu saye a gida, kuma ba a gyara shi da ƙyamar fasahar.

Akwai wanda ya nuna cewa ana iya juya akalar. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a arewacin Ghana a 1987, ya yi suna da buhunan algarara. Ana saƙa buhunan a kudancin Asiya, a kawo su Ghana a zuba koko, daga nan su koma ɗaukar masara da shinkafa, a ƙarshe su zama buhunan gawayi, sun yi baƙi, sun sha faci, an rubuta sunayen 'yan kasuwa a jikinsu. Yakan karɓi tsofaffin ya ba da sababbi, a ɗinke su su zama mayafin da ke rufe bangayen gine-gine, kamar yadda ya yi a Venice a 2015 da Kassel ta Jamus a 2017. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda kuɗin ya tafi. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani a Tamale, ya bi ta da wani babban fili mai suna Red Clay, ya kwaso tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ya ajiye a can, yaran makaranta suna shiga suna ɗaukar darasi a ciki. Tamale ba ta fi Katsina ko Zinder arziki ba, kuma gari ne da mafi yawan mutanensa Musulmi ne, ana jin Hausa a zangonsa da kasuwarsa.

Masu cewa ai ba mai fasahar ke yi da hannunsa ba, matasa ne ke ɗinkin shi yana karɓar suna, sun taɓo abin da ya cancanci sa ido, domin haƙƙin ma'aikaci haƙƙi ne ko a gona ko a ɗakin fasaha, kuma daidai ne a tambayi kowane gwani nawa yake biyan yaransa. Amma tsarin kansa tsohon tsarinmu ne. Babban Gwani bai ɗora kowane tubali da hannunsa ba, kuma babbar riga tana bi ta hannun masaƙi da marini da mai zane da maɗinki da mabugi kafin ta kai wuyan mai ita. El Anatsui ma ya ƙara sakin hannu fiye da haka: ba ya ƙayyade yadda za a rataye aikinsa, yakan bar masu baje kolin su tattare shi yadda wurin ya ba su, shi ya sa aiki ɗaya ke sauya kama daga wannan gari zuwa wancan.

Saura maganar ciki. A ƙasar da mutane ke neman na tuwo, ana iya cewa ƙarfen da aka rataye a bango gara a kai shi sikeli a auna, a narka a yi rodi. Mafi yawansa ai can zai tafi, kuma daidai ne. Tirelolin da ke lodin ƙarfe daga hannun 'yan gwangwan suna ciyar da gidaje masu yawa, kuma abin da masu fasaha za su ɗiba bai kai cikin cokali a buhu ba. Tambayar ita ce ko akwai ƙarfen da bai kamata a narka ba. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, sauran masaƙun Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka bar dubban magidanta ba aiki. A Bompai da Sharaɗa da Challawa na Kano akwai gine-ginen da injinansu suka yi shiru. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta an fara gina shi tun ƙarshen shekarun 1970, har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Idan aka kwance injinan nan aka sayar kilo-kilo, jikokin ma'aikatan ba za su sami abin da za su ɗora hannu a kai su ce a nan kakanmu ya ƙarar da ƙuruciyarsa ba. Mutanen Mozambik sun fahimci wannan. Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1992, wani shiri da Bishop Dinis Sengulane ya jagoranta ya riƙa karɓar bindigogi yana ba da fartanya da keke da keken ɗinki, aka yayyanka makaman, masu fasaha suka yi walda da wasu. Kujerar da Cristóvão Canhavato ya ƙera da gutsattsarin bindigogi a 2001 tana Gidan Tarihin Birtaniya, kuma wanda ya gan ta ba ya bukatar a karanta masa adadin waɗanda suka mutu. Yankin da ya sha abin da muka sha a shekarun nan, daga Borno zuwa Zamfara, yana da ƙonannun ƙofofi da kwanon rufin makarantu da gawarwakin babura waɗanda za su iya riƙe irin wannan shaida ba tare da an zana fuskar kowa ba.

Ba ina cewa duk wanda ya liƙa ƙusa da sarƙar babur ya zama gwani ba. Aikin banza ya fi na kirki yawa a wannan fage kamar yadda yake a waƙa da rubutu, kuma ƙarfen da aka kafa a titi ba tare da lissafin iska da ruwa da tsatsa ba haɗari ne ga masu wucewa. Haka nan satar murafen kwalbati da wayoyin lantarki ta ɓata wa sana'ar jari-bola suna, dole mai fasaha ya san inda kayansa suka fito. Waɗannan dalilai ne na neman horo da tsari, kuma wurin horon yana nan. A Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce fasahar zamani a Nijeriya sai ta tsiro daga zanen gida. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, shi ya je Nsukka ya shugabanci sashen da El Anatsui ya zo ya tarar. Wato tunanin da ya raini wannan aiki ya ratsa ta arewa kafin ya sauka kudu. Sashen fasaha na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan har yau, kasuwar Panteka ta Kaduna kuma tafiyar awa ɗaya ce ko ɗan fiye daga Samaru inda jami'ar take, cike da masu walda da maƙera da masu zubi waɗanda suka san halin kowane ƙarfe, wanda ke lanƙwasuwa da wanda ke karyewa da wanda ke cin wuta. Ɗalibin yana da tsarin zane amma hannunsa bai saba da wuta ba, mai waldan yana da hannu amma ba a taɓa ba shi aikin da ya wuce ƙofa da taga da tankin ruwa ba.

Gwamnatocin jihohi suna kashe kuɗi kan shataletale da gadojin sama da ƙofofin shiga gari, kuma sau da yawa abin da ake kafawa siminti ne da fenti da ɗan kwangila ya zaɓa, damina biyu ta kwaile shi. Kaso kaɗan na wannan kuɗi zai isa a yi gasa a buɗe, a ce kowace tawaga ta ƙunshi mai zane da mai walda da injiniya, kayan aikin kuma su fito daga cikin garin: dogon jirgin ƙasa da aka cire, buhunan da suka gaji da ɗaukar gyaɗa da hatsi, ƙafafun injin saƙa, kwanon rufin kasuwar da ta ƙone. Attajiran da ke gina otal da asibiti da makaranta suna da bangaye masu faɗi da ake cikewa da hotunan da aka shigo da su daga Dubai da Sin. Masu kula da kadarorin masaƙun da suka rufe kuma za su iya ware inji ɗaya ko biyu daga cikin abin da za a yi gwanjonsa, a miƙa wa sashen fasaha na jami'a mafi kusa da sharaɗin cewa abin da aka ƙera da shi a Kakuri zai tsaya, inda tsofaffin ma'aikatan da iyalansu za su iya zuwa su gani ba tare da biyan ko kwabo ba.